Alkawarin Da Ba Shi Da Ranar Ƙarewa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Sai dai ko ɗan dako ya san inda zai sauke kayan da ya ɗauka, kuma da sanin wannan masauki ne yake yin jinga tun kafin a aza masa. Tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ita ce, ina matsayin alkawarin da aka aza wa mutum ba tare da an nuna masa masauki ba? Idan ya gaji ya yar da shi a hanya, amana ya ci ko kuwa kansa ya ƙwata? In kuma kayan da ya yar suka faɗa a kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, wa za a kama da laifi?

Mun tsinto wannan tambaya ne daga wata matsala da ta addabi dubban iyalai a Amurka da Turai, wato matsalar gidajen hutu da ake mallaka ta hanyar karɓa-karɓa, da kuɗin kula da su wanda ake biya duk shekara, da abin da ke biyo baya idan wasu suka daina biya. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amsarmu ita ce, duk wanda ya ɗauki alƙalami da niyyar rubuta halin ɗan Adam ba zai rasa ruwa da wurin da haƙƙi da tausayi suka yi karo ba, ko da a bayan teku ne. Bugu da ƙari, da kalmomi ake ƙulla wannan ciniki, kalmomi kuwa su ne kayan aikinmu.

Asalin Abin

Gidan karɓa-karɓa, kamar yadda za mu riƙa kiransa a nan, ɗaki ne ko sashen gida a wurin shaƙatawa, a bakin teku ko kan dutse ko kusa da filayen wasa, wanda ake yanka shekararsa mako-mako a sayar wa mutane daban-daban. Shekara mako 52 ce, galibi akan sayar da 51 a bar guda ɗaya domin fenti da gyare-gyare. Ke nan ɗaki ɗaya yana iya zama na mutum hamsin da ɗaya waɗanda ba su san juna ba, kuma da wuya su taɓa haɗuwa, domin kuwa ranar da wannan ya fita da akwatinsa ita ce ranar da wancan zai shigo da nasa.

A Turai aka fara wannan sana'a. A shekarar 1963 aka kafa kamfanin Hapimag a ƙasar Suwizalan, wanda ke sayar da hannun jari mai bai wa mutum haƙƙin sauka a gidajensa. A cikin shekarun 1960 ɗin ne kuma aka yi irin haka a Superdévoluy, wani wurin wasan ƙanƙara a kan duwatsun Faransa. Daga nan abin ya tsallaka Amurka, ya fara da tsibiran Hawai, sannan ya bunƙasa a jihar Fulorida cikin shekarun 1970, lokacin da tattalin arziki ya karye, magina suka rasa masu sayen gidajen da suka gina, sai suka koma sayar da su mako-mako. A 1974 aka kafa kamfanin RCI, wanda ke ba mutum damar musanya makonsa da na wani a wata ƙasa. Manyan kamfanoni suka biyo baya, Marriott a 1984, Disney a 1991, Hilton a 1992. A yau akwai irin waɗannan wurare kimanin 1,500 a Amurka, kuma ƙungiyar masu wannan sana'a, wato ARDA, ta ƙiyasta cewa kusan iyali miliyan 10 ne ke da rabo a cikinsu. Da yawa yanzu maki ake sayar musu maimakon tsayayyen mako, amma nauyin da ke kansu bai canja ba.

Ya kamata mu faɗi tun da wuri cewa tushen abin ba mugu ba ne. Raba amfanin dukiya ta hanyar kwanaki tsohon abu ne. Malaman fiƙihu sun san shi da sunan muhaya'a, wato abokan tarayya su yi yarjejeniya wannan ya mori abu yau wancan gobe, har sukan kafa hujja da yadda aka raba ranakun shan ruwa tsakanin taguwar Annabi Salihu da mutanensa. A shekarar 2007 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Maleshiya ta tattauna wannan ciniki na zamani, ta kuma halatta shi bisa sharuɗɗa. Alhazanmu ma sun san Hasumiyar Zamzam da ke daura da Harami a Makka, wadda aka sayar da haƙƙin sauka a ɗakunanta na wasu kwanaki a shekara har tsawon shekara 24. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin za mu dawo kan muhimmancinsa.

Kuɗin Kula Da Gida

Kuɗin sayen mako sau ɗaya ake biyansa, kuma a Amurka matsakaicinsa ya haura dala 20,000, sau da yawa da bashi mai ruwa mai yawa. Wanda ba ya ƙarewa shi ne kuɗin kula da gida. Da shi ake biyan masu shara da masu gadi da masu wankin zannuwan gado, da shi ake biyan wuta da ruwa da inshora da harajin gwamnati, daga cikinsa ake ajiye wani abu domin ranar da rufi zai tsufa, kuma daga cikinsa ne kamfanin da ke tafiyar da wurin yake cire ladansa. Akan tsara kasafin shekara, a raba shi a kan masu rabo, kowa a aika masa da takardarsa. Matsakaicin wannan kuɗi a Amurka ya wuce dala 1,000 a shekara, kuma hawa yake yi kusan kowace shekara.

Ko mutum ya je hutun ko bai je ba, sai ya biya. Ko ya tsufa ya kasa hawa jirgi, ko matar da suke zuwa tare ta rasu, ko an sallame shi daga aiki, takardar za ta iso. Bayan wannan akwai kuɗin ba-zata, wanda ake azawa idan guguwa ta yaye rufi ko aka gano ruwa ya ci ginin, kamar irin ɓarnar da guguwar Ian ta yi a gaɓar Fulorida a 2022. Abin da ya fi duka nauyi shi ne, da yawa daga cikin takardun mallakar nan ba su da ranar ƙarewa. An rubuta su ne har abada, mutum da magadansa.

To me zai hana ya sayar ya huta? A nan gizo ke saƙa. Masu son fita sun fi masu son shiga yawa, kuma babban kaso na kuɗin da ya biya da farko ya tafi ne a talla da ladan dillalai da kyaututtukan da aka jawo shi da su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga makon da aka saya dubban daloli an sa shi a kasuwar eBay a kan dala 1, kuma a rasa mai taya. Wanda ya san dawan garin ya san ba ɗakin ake tallata masa ba, takardar biyan shekara-shekara ake neman a miƙa masa.

Idan Aka Daina Biya

Wanda ya daina biya, da farko za a hana shi shiga ɗakinsa, a ƙara masa tara da ruwa. Sannan a miƙa sunansa ga kamfanonin karɓar bashi, su dame shi da wasiƙu da waya. Daga ƙarshe a ƙwace rabon nasa. A jihar Fulorida tun 2010 doka ta ba da damar yin wannan ƙwace ba tare da an bi doguwar hanyar kotu ba. A Amurka kuma yawancin baligai suna da tarihin biyan bashi da wasu kamfanoni ke ajiyewa, irin su Equifax da Experian da TransUnion. Tabon da ya shiga wannan tarihi yakan kai shekara 7 bai goge ba, kuma yana iya sa a ƙi ba mutum rancen sayen gida ko mota, ko a ba shi da tsada.

Wannan shi ne abin da ke samun wanda ya ƙi biya. Amma akwai wani mutum na biyu da ba a cika tunawa da shi ba. Bari mu ƙaddara misali, lissafi ne kawai domin fahimta. A ce gini yana da ɗaki 100, an sayar da mako 51 a kowanne, wato rabo 5,100 ke nan. A ce kasafin shekara dala miliyan 5.1 ne, kowa dala 1,000 ta hau kansa. Idan mutum ɗaya cikin goma ya daina biya, ai mai gadi ba zai rage albashinsa ba, kamfanin wuta ma haka. Sai a raba kuɗin a kan 4,590 da suka rage, kowa ya tashi da kimanin dala 1,111. Wannan ƙari zai sa wasu da ke kan gaɓa su ma su gaza. Idan masu ƙin biya suka kai biyu cikin goma, kuɗin ya zama dala 1,250. In suka kai uku cikin goma, ya doshi dala 1,430. A halin nan za a fara jinkirta gyara, fenti ya ɗaye, tafkin wanka ya yi kore, darajar wurin ta ƙara faɗuwa, masu gudu su ƙara yawa. Haka abin zai riƙa cin kansa har ginin ya durƙushe a kan 'yan tsirarun da suka riƙe alkawari.

Hatta ƙwacen da ake yi ba ya share wa ƙungiyar masu gida hawaye. Za ta kashe kuɗin lauya ta ƙwato makon da babu mai so, wanda kuma daga ranar babu mai biya masa komai.

Hujjar Wanda Ya Yar Da Kaya

Adalci ne mu saurari wanda ya daina biya. Zai ce, an gayyace ni in saurari bayani na sa'a ɗaya da rabi a ba ni kyauta, aka riƙe ni rabin yini, wannan dillali ya fita wancan ya shigo. An ce mini dukiya ce da za ta yi daraja, an ce duk ranar da na so zan sayar, an ce farashin na yau ne kawai. Na sa hannu a takardu masu yawa da ban samu sukunin karantawa ba. Yau na gane ba haka abin yake ba. Shin yardar da aka samu ta hanyar yaudara yarda ce?

Wannan magana ba shaci-faɗi ba ce. A 2016 kamfanin Diamond Resorts ya sasanta da babban lauyan jihar Arizona a kan dala 800,000 bisa zargin yaudarar masu saye, aka kuma ba wasu damar mayar da rabonsu. A 2017 masu Manhattan Club da ke birnin New York suka amince su biya dala miliyan 6.5 bayan binciken babban lauyan jihar, inda masu rabo suka yi kukan cewa kuɗin shekara na ta hawa, su kuwa ba sa samun ɗaki, alhali ana ba baƙi haya. Dokokin da aka yi ma shaida ce cewa akwai ɓaraka. Tarayyar Turai ta ba mai saye kwana 10 ya sake tunani a dokar 1994, ta mayar da shi kwana 14 a ta 2008. Fulorida ma kwana 10 ta bayar. Ruwa ba ya tsami banza.

Yana da hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi. Mutumin da ya sa hannu yana ɗan shekara arba'in, da ƙarfinsa da albashinsa, shi ne kuwa wannan tsoho ɗan shekara tamanin da ke zaɓi tsakanin kuɗin magani da kuɗin ɗakin da ya yi shekara goma bai gani ba? Har ina ne hurumin saurayi ya ɗaure tsohon da zai zama? Hankali yana karɓar alkawari ne saboda mai yin sa yana iya hango iyakarsa. Wanda ya ce zai biya kuɗin da ba a faɗa masa yawansu ba, har zuwa ranar da ba a ambata ba, da wuya a ce ya san abin da ya ɗauka.

Hujjar Wanda Ya Riƙe

Sai dai wanda ke biya shi ma yana da bakin magana. Zai ce, ɗan'uwa, na ji kukanka, amma ni me na yi maka? Ba ni na yaudare ka ba. Ni ma a ɗaki ɗaya aka zaunar da ni, shayi ɗaya aka ba mu. Kamfanin da kake jin haushi ya karɓi kuɗinsa tun tuni, a tsofaffin wurare ma ya tattara ya bar mu da ginin. Jifan da ka yi da nufin ka same shi, a kaina ya sauka.

A nan ne muke ganin ainihin ƙullin al'amarin. Mai sayen mako yana zaton alkawari ɗaya ya yi, tsakaninsa da kamfani. A haƙiƙa biyu ya yi. Na biyun tsakaninsa ne da mutum hamsin da ke kwana a gadon da yake kwana, da dubban da ke shiga ta ƙofar da yake shiga. Ba a nuna masa su ba ranar ciniki, bai san sunansu ba, amma kowannensu ya dogara da shi kamar yadda 'yan adashi ke dogara da juna. Bambancin shi ne 'yar adashin da ta ɗauki kwasa ta ƙi zubi za ta haɗu da sauran a gidan biki, kunya za ta kama ta. Mai rabon gidan karɓa-karɓa kuwa ba zai taɓa ganin fuskar bazawarar da aka ƙara wa dala ɗari saboda shi ba. Rashin ganin fuska yana sauƙaƙa cutarwa, amma ba ya rage nauyinta ko da ƙwayar gero.

Tun zamanin Aristotle masana suka lura cewa abin da mutane da yawa suka yi tarayya a kansa shi ne ya fi rasa mai kula. A 1968 Garrett Hardin ya sake tayar da maganar da misalin makiyaya da ke cinye makiyayar da ta zama ta kowa. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa ba dole ne abin tarayya ya lalace ba, jama'a da yawa sun riƙe dazuzzuka da magudanan ruwa ɗaruruwan shekaru. Sai dai daga cikin abubuwan da ta gano suna riƙe irin wannan tarayya akwai cewa mutanen suna da hannu a tsara dokokinsu, suna sa ido a kan juna, kuma suna da hanya mai sauƙi ta sasanta rikici. Gidan karɓa-karɓa ya tara masu tarayya, ya hana su yawancin waɗannan abubuwa. An ba su nauyin maƙwabtaka ba tare da an ba su maƙwabta ba.

Fursunoni Masu Gadin Juna

Da za mu tsaya a nan, da sai mu ce mai biya shi ne mai gaskiya, mai ƙin biya shi ne mai laifi, mu rufe littafi. Amma akwai wani lungu da ya kamata mu leƙa. A wurare da yawa, tsohon da ya gaza yakan rubuta wa ƙungiyar masu gida ya ce ga rabona na ba ku kyauta, ku sallame ni. Sai ƙungiyar ta ƙi karɓa. Su wa ke cikin wannan ƙungiya? Su ne dai masu biyan nan da muka tausaya wa. Sun san duk wanda aka sallama, kasonsa a kansu zai dawo. Ke nan kowane mai rabo yana da amfani a kulle ƙofa a kan ɗan'uwansa, har ranar da shi ma zai zo yana ƙwanƙwasa ta. An tsara abin yadda wanda aka zalunta zai zama mai tsaron wanda aka zalunta, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wasu manyan kamfanoni, irin su Wyndham da Marriott, sun buɗe shirin karɓar rabo daga masu son fita. Wannan ci gaba ne, kuma ya kamata a yaba. Sai dai sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne mutum ya gama biyan bashin saye, kuma babu kuɗin shekara a kansa. Wato ƙofar tana buɗuwa ga wanda bai riga ya faɗi ba, wanda ya fi kowa buƙatarta kuwa yakan tarar da ita a rufe.

Inda aka rufe ƙofa kuwa, masu fasa katanga sukan samu kasuwa. Kamfanoni sun yi yawa da ke cewa a ba su dubban daloli su fitar da mutum. Wasunsu sukan shawarci mutum ya daina biya kawai, wasu sukan mayar da rabon ga wani kamfanin bogi da ba shi da ko sisi, a bar ƙungiya da gawa. A 2020 babban lauyan jihar Washington ya kai ƙarar kamfanin da aka fi sani da Timeshare Exit Team, aka sasanta a 2021 a kan dala miliyan 2.61. A 2023 kuma Baitulmalin Amurka ya sa takunkumi a kan wasu kamfanoni a yankin Puerto Vallarta na ƙasar Meziko, bisa cewa gungun masu fataucin miyagun ƙwayoyi na Jalisco ne ke amfani da su wajen damfarar tsofaffi, ana buga musu waya a ce an samu mai sayen makonsu, su aiko da kuɗin haraji tukuna. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Maganar Gado

Kalmar da ta fi daɗi a bakin dillali ita ce, za ka bar wa 'ya'yanka. Wane uba ne ba ya son jin haka? Amma gado iri biyu ne, akwai wanda ke ciyar da magaji, akwai wanda magaji ke ciyarwa. A dokar Amurka, abin da ake bin mamaci daga dukiyar da ya bari ake biya, kuma magaji yana da ikon ya ce bai karɓi wannan rabo ba, muddin ya yi haka a rubuce cikin lokaci, galibi wata tara, kuma bai riga ya mori abin ba. Matsala takan faɗa wa waɗanda aka sa sunansu a takardar mallaka tun iyayen suna raye, da sunan ƙauna, domin su sun zama masu gida da kansu.

A nan ba mu ga wani ruɗani ba. Ɗa bai yi alkawari ba, bai zauna a ɗakin ciniki ba, don haka babu laifi a kansa in ya ƙi karɓa. Mu ma a shari'armu bashi daga dukiyar mamaci ake fitar da shi kafin rabo, ba a tilasta wa magaji ya biya daga aljihunsa. Amma a lura, ƙin karɓar nasa ma a kan sauran masu rabo zai sauka. Wannan ya nuna mana cewa akwai asarar da babu wanda ya yi laifi a cikinta daga masu rabo, kuma duk tsarin da ke haifar da irin wannan asara, aibin yana jikin tsarin.

Ina Muka Tsaya?

A ganinmu kuskure ne a zuba duk masu ƙin biya a kwando ɗaya. Akwai wanda yana da hali, ya mori wurin shekara ashirin, yanzu sha'awarsa ta koma wani wuri, sai ya yi shiru ya bar takarda tana taruwa. Wannan ya ci amanar abokan tarayyarsa, ko da doka ba ta kama shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya hau kansa shi ne ya ci gaba da biya yana neman fita ta hanyar da ba za ta zuba kayansa a kan wani ba, ko da zai haɗa wa mai karɓa da kuɗin shekara ɗaya ko biyu.

Akwai wanda aka yaudara. Wannan yana da haƙƙi, amma a wurin wanda ya yaudare shi haƙƙin yake, kuma kotu da hukuma ne hanyarsa. Shiru da ƙin biya ba ya taɓa mayaudarin.

Akwai kuma wanda ya gaza, tsufa ko ciwo ko talauci ya ci ƙarfinsa. Wannan ba mu ga dalilin zarginsa ba. Addini da hankali duk sun bambanta mawadaci mai taurin bashi da wanda ke cikin ƙunci. Abin da ake nema a gare shi kawai shi ne ya fito fili ya faɗa, ya miƙa rabon, kada ya ɓuya. Abin da ake nema a wurin sauran kuwa shi ne su karɓa, ko da kuɗinsu zai ɗan ƙaru, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙarin da za su biya yau shi ne kuɗin ƙofar da su ma za su bi gobe.

Babban alhaki dai yana wuyan wanda ya rubuta har abada a takarda. Wasu ƙasashe sun gane haka. Ƙasar Sifen ta yi doka a 1998 da ta ce irin wannan yarjejeniya ba za ta wuce shekara 50 ba, kuma a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wata yarjejeniya saboda an yi ta babu ranar ƙarewa, abin da ya buɗe wa mutane da yawa hanyar kai ƙara. Kamfanin Disney tun farko yana sa wa takardunsa wa'adi, na farko-farkon za su ƙare a 2042. Hasumiyar Zamzam da muka ambata, shekara 24 aka yanka. A wasu tsofaffin wurare kuma masu rabo sukan haɗu su kaɗa ƙuri'a a rushe tarayyar, a sayar da ginin gaba ɗaya, a raba abin da aka samu. Duk waɗannan suna nuna cewa ana iya yin cinikin da masauki a ƙarshensa, wanda ya ƙi sa masaukin kuwa ya san abin da yake yi.

Ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, muna ganin akwai abin dubawa a nan. Mun saba a labaranmu mu ware mugu gefe guda, mu ware na kirki gefe guda. A wannan al'amari kuwa ga tsoho da ya kasa biya, ga bazawara da aka ƙara wa kuɗi saboda shi, gado ɗaya suke kwana a makonni daban-daban, kowannensu yana da gaskiya, kuma kowannensu yana cutar da ɗayan bai sani ba. Wanda ya iya rubuta waɗannan biyu ba tare da ya zalunci ko ɗaya ba, ya iya rubutu. Sannan mu tuna cewa da kalmomi irin su mallaka da gado da har abada aka sayar wa mutanen nan wahala. Mai sana'ar kalma, ko dillali ne ko marubuci, za a tambaye shi abin da ya sa mutane suka gaskata.

Muna maraba da ra'ayoyin masu karatu a kan wannan batu, musamman waɗanda suka saɓa da namu, domin a buga a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya kuma tsare mu da ɗaukar wanda ba za mu iya saukewa ba.